Mai Gadin Iri

A shekarar da damina ta yi mana rowa, kowa a Matameye yana tattalin ƙarfinsa. Maza sun rage yawo, mata sun rage daka tunda babu abin dakawa, masu faɗa ma sun koma yin sa a zaune. Mutum ɗaya na sani a duk garin da ya ga babu shekarar da ta dace da ƙara ƙarfi sai wannan, shi ne maigidana, wanda a lokacin ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya kira ni.

Haƙar rijiya ce sana'arsa. Da farin ya fara, in faɗi gaskiya, mu ya yi wa rana. Ruwa ya gudu ƙasa, kowane ƙauye yana neman mai bin sa, har jira ake yi a ƙofar gidanmu, ni ma na fara ɗaga kai a wurin biki. A wani ƙauye wajen Kurni ne itacen da aka gitta a bakin rijiya ya karye yana cikin sauka. Aka ciro shi da rai, aka sa shi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, sai Damagaram. Wata uku muka yi a asibiti. Ga abin da aka dawo mini da shi: kai lafiya lau, baki ma har ya fi da, kafaɗu suna motsi, gwiwar hannu tana lanƙwasuwa in ya dage, wuyan hannu yana ɗan ɗagowa. Yatsu sun naɗe, ba sa kama komai. Daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa ba ya ji, ba ya motsawa.

A garinmu mun iya jinya, irin iyawar da za ta kwantar da mai lafiya. Majinyaci ba ya ɗaga ludayi, ba ya gyara mayafi, ba ya ma amsa tambayar da aka yi masa, akwai masu amsawa. Surukata, wadda duk muke kira Inna, a wannan fanni babu na biyunta. Ta shimfiɗa tabarmarta a gefen gadonsa, ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ta kafa ido. In ya yi yunƙurin kai hannu fuska sai ta kama hannun ta mayar masa, ta ce, "Bari, ɗan nan, mu me muke yi a nan?" Ƴan dubiya kuma tun daga zaure suke ɗaga hannu suna cewa, "Kwanta abinka, kwanta abinka, kar ka tashi!" Suna faɗa wa mutumin da ko duniya za a ba shi ba zai iya tashin ba. Su tsaya a kansa su yi addu'a, su fita suna girgiza kai.

Wata rana bayan sun watse ya ce mini, "Ke, babu hancin da ban san cikinsa ba a garin nan. Na gaji da gaisawa da mutane daga ƙasa."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Abin da yake so ke nan, kuma bai taɓa ƙara komai a kai ba: ya tashi zaune da kansa, ba sai mutum biyu sun ciccibe shi sun tokare shi da matasai ba.

Wanda ya ɗauki maganar da gaske shi ne anfirmiyen garinmu, wato malamin asibiti, wani siririn mutum mai tabarau da yake zuwa wanke masa gyambon da kwanciya ta yi masa a baya. Ya ce a wurin karatunsa ya taɓa ganin ɗakin da ake motsa wa irin waɗannan majinyata jiki. Ya matsa kafaɗar maigida, ya sa shi ya lanƙwasa hannu, ya ce, "Abin da ya tafi ya tafi. Amma wanda ya rage, in ba ka sa shi aiki ba, shi ma zai bi sawu." Ya yage takarda daga kayensa ya yi ta zane.

Nan gidanmu ya koma wurin wasan yara, in ji Inna. Aka yanko robar cikin tayar keke aka ɗaura a ƙafar gado, ana zura masa ita a wuyan hannu yana ja. Aka kai wa baduku cokali ya yi masa madauri na fata, ya koyi kai abinci baki, rabi a baki rabi a gemu. Aka ba shi karan dawa mai rami yana hura ruwa a ƙwarya don ƙirjinsa ya buɗe, magidanci mai ƴaƴa biyu yana ɓulɓul kamar kwaɗo. Inna ta kai ƙarar anfirmiye wurin liman, ta ce an sa mata ɗa aikin gayya alhali ko kwanciyar bai gama iyawa ba. Liman ya ba ta haƙuri da rubutun sha.

Bayan ƴan watanni robar ta yi masa kaɗan. Anfirmiye ya sa aka ɗauko puli ɗin maigida na aikin rijiya, ƴar tayar ƙarfen nan da ake zarga igiya a kanta, aka rataye ta a azarar rumfa daidai saman gado. A wannan kan igiyar baduku ya yi zobba biyu na fata da za a zura hannuwansa, tunda yatsu ba sa riƙo. A ɗaya kan za a rataye nauyi.

"Kilo goma," in ji anfirmiye.

Muka dubi juna. Kilo abin ofis ne da na masu sayen gyaɗa. Mu da tiya muke awo, tun kakanni, abin da ya cika tiya ya cika. Maigida ya ce ai kowa ya san tiya huɗu ta gero ita ce kilo goma. Anfirmiye ya yi lissafi a tafin hannu ya ce haka ne. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Ranar da ka ja wannan sau talatin ba hutu, ranar za mu gwada ka ɗaga jikinka da igiyar nan. Kafin talatin kar ka kuskura, wuyan nan ba na gwaji ba ne."

Tiya huɗu ta gero kuwa, a gidanmu wuri ɗaya take. Ita ce irin shukarmu, abin da ya rage bayan mun shuka sau biyu rana ta ƙone. Wan maigida, wanda nake kira Yaya, shi ke noma gandun gidan. A da yakan tafi cin rani Kano, amma a shekarar sojojin can sun rufe iyaka, sojojin nan kuma suna gadin ta wannan gefen, sai ya zauna gida da mu yana lissafin inda zai ɓoye irin nan daga bakunanmu. Ya yi tunanin tukunya a binne, ya yi tunanin gidan liman. Maigida ya ce, "Yaya, rataye shi nan. Wane mai gadi za ka samu da ya fi ni? Ba na zuwa kasuwa, ba na zuwa masallaci, ko bayan gida ba na zagawa." Yaya ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ɗura irin a buhun ƙyalle mai kauri ya ɗaure bakin da hannunsa. Na ga fuskar maigida a ranar. Tun faɗuwarsa ba a ba shi wani aiki ba sai wannan.

Ranar farko sau huɗu ya ja. Bayan wata guda ya kai goma. Ana nan sai muka ji a rediyo an sauya wa anfirmiye gari, can wani wuri arewa da ko sunansa ba mu iya faɗa ba. Haka ake yi a lokacin, ma'aikaci yana cin tuwo zai ji labarin kansa. Ya zo sallama a gurguje, ya ɗaga wa maigida yatsu uku da sifiri, ya hau mota. Da shi aka tafi da mutum ɗaya tak a rayuwarmu da ya san kilo.

Sojoji ma sun ga buhun. Suna bi gida gida a lokacin, suna rubuta bakunan da za a ba taimako, suna kuma leƙen masu ɓoye hatsi. Wani sarjan baƙi ƙato ya shigo, ya ɗaga kai, ya ga buhu yana lilo a tsakiyar rumfa kamar an rataye shi don a tsokane shi. Ya tambaya. Na fara bayani, maigida ya katse ni ya ce, "Zura mini hannu." Na zura. Ya fara ja. Sarjan ya tsaya yana kallo, can sai na ji yana ƙirgawa da Faransanci, da muryar fareti, har na bayansa suka miƙe tsaye. Goma sha takwas ya ƙirga. Ya buga ƙafa, ya sara wa mutum a kwance, ya ce, "Sipor!", wato wasan motsa jiki. Ya fita bai taɓa buhun ba. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa gwamnati ta ba maigida takardar izinin ƙarfi. Inna ma ta rage mita, tunda abin ya samu sa hannun hukuma.

Taimakon ya zo, jar dawa ce ta ƙasar waje, mai tauri, wadda wasu ke cewa a can dabbobi ake ba. Mu dai mun ci mun gode. Amma cikin maigida ya ƙi ta. Mai irin ciwonsa, in cikinsa ya ɗaure, ba ƙaramin abu ba ne. Kwana biyar babu fita, ciki ya kumbura ya yi tauri, gumi yana karyo masa daga wuya zuwa sama, kai yana sara har idanu su yi ja. Na zaci a wannan makon zan rasa shi. Wata maƙwabciya ta sammini ɗan gero cikin tafin hannu, na dama masa kunun tsamiya, washegari ciki ya saki. Na gwada jar dawa kuma, ya sake ɗaurewa. Magana ta fito fili: gero ko kabari. A kasuwa gero ya koma abin kallo. Ƴaƴanmu mun riga mun kai su Yauri wurin mahaifiyata, su ma can da ganye ake haɗawa. Gero ɗaya ne a inda hannuna zai kai, yana lilo a kan mai gadinsa.

Wani abu ne Yaya da maigida ba su sa a lissafi ba. Mai gadin nan, inda aka juya shi nan yake kallo, kuma ni ce mai juyawar. Saboda gyambo dole a sauya masa gefe lokaci lokaci, bayan azahar kuma gefen bango ne rabonsa. Sai in juya shi, in gyara masa matashi tsakanin gwiwoyi, in ƙara muryar rediyo wai don ya ji daɗi, ana ta busa da ganguna na soja. In kwance bakin buhu, in ɗebi gero cikin gwangwanin tumatir ɗaya.

Ni fa ɓarauniya ce mai tsoron Allah. Na san buhun nan ba iri kaɗai ba ne, ma'auninsa ne, da shi yake auna ko zai tashi ko ba zai tashi ba. Ba zan rage masa ko kaɗan ba. Don haka gwangwani ɗaya na gero ya fita, gwangwani ɗaya na yashi ya shiga, a shafe baki daidai, yadda uwata ta koya mini awo. Tiya huɗu aka rataye, tiya huɗu za ta zauna. Na yi lakwal, makarantar boko, har aji shida, an koya mini darasin awo da nauyi da bulala, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. A wurina abin da ya cika gwangwani ya cika gwangwani.

A kwana na uku Inna ta kama ni, hannuna dumu-dumu cikin buhu. Ta dube ni, ta dubi bayan ɗanta, ta dubi yashin da ke gefen zanena. Na jira ihu. Sai ta ja ni bakin murhu ta ce a hankali, "Ƴar nan, wannan laushi gare shi, zai tsiyaye ta ƙyalle ya tona miki asiri. Na korama za ki samo, mai tsakuwa-tsakuwa." Washegari da kanta ta tafi korama wajen masu rake da sandarta, ta dawo da shi a ƙunshe, ta tankaɗe. Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya da matar nan, ba mu taɓa haɗa kai a kan komai ba sai sata.

Aikin ma yana tafiya da kansa. In na zuba yashin a sama, jan da maigida yake yi safe da yamma shi ke girgiza shi ya gangara ƙasa, gero ya taso ya rufe. Shi ke ɓoye mini. Da safe ya sha kunu ya tambayi inda na samo gero, in ce daga Yauri aka aiko. Ya sa wa mahaifiyata albarka, ya ce in zura masa hannu.

Ya kai ashirin da biyu kafin abin ya juya. Aka wayi gari ashirin. Bayan mako sha takwas. Sai sha biyar. Ya ce in duba puli ko ta yi tsatsa, na ɗiga mata man gyaɗar da ba mu da shi. Ya ce a sauya igiya, aka sauya. Sha uku. Ni kuma hankalina ya tashi da gaske, don na ɗauka yunwa ce ke cin sa a tsaye. Me zan yi? Na ƙara masa kunu. Gwangwani biyu a rana maimakon ɗaya, yashi ma biyu, tunda ni mai adalci ce. Ya sauka sha ɗaya.

Damatsansa kuwa sai cika suke yi, har na farke hannun rigarsa. A shekarar duk wanda ka ga ya cika to kumburin yunwa ne, mun gan shi a ƙafafun mutane da yawa. Inna ta latsa damtsen da yatsa, ta ga bai lotsa ba, ta ce wannan mugun kumburi ne, mai tauri. Ta samo laya ta ɗaura masa, ta hana shi gishiri.

Wannan wurin ba na son tunawa da shi. Wata safiya ya ja sau tara, ya tsaya, ya daɗe yana kallon azara. Ya ce, "Cire mini hannu." Na cire. Ya ce, "Anfirmiye ƙarya ya yi mini don in samu abin yi. Jikin nan mutuwa yake, daga ƙasa yake hawowa, yanzu ya iso kafaɗa." Kwana uku bai taɓa igiya ba. Ya bar Inna ta koma ba shi abinci a baki, ita kuma ga abin da take so ya samu amma sai kuka take yi a bayan ɗaki. Ƴan dubiya suka ce ya kwanta abinsa, ya ce to. A rana ta ukun ya ce mini in tattara in tafi Yauri wurin ƴaƴana, shi ba zai riƙe mace a kan gawa ba.

Tausayi ya kamata in ji, amma haushi ne ya zo. Na ce, "Sannu, mai takardar gwamnati. Soja ya sara maka a gaban mutane, yanzu tiya huɗu ta kayar da kai? Ni nan na ɗauki tiya goma a ka daga kasuwa da cikin wata takwas, ba wanda ya sara mini." Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ina faɗa ina kuka, don tsoro nake ji, tsoron kada maganarsa ta zama gaskiya. Ya dube ni da idon da da yana da hannu ban san abin da zai faru ba. Ya ce, "Zura."

Daga ranar ba don anfirmiye yake ja ba, don ni yake ja, ya kunyata ni. Yana ja yana cije leɓe, jijiyoyin wuya a waje, ni ina ƙirgawa da ƙarfi ina taɓe baki. Sha biyu. Sha shida. Geron buhun ya yi ƙasa sosai har na rage ɗiba don kada rufin saman ya ƙare, sai lissafin ya fara hawa da sauri. Ashirin. Ashirin da huɗu. A nan ya tsaya, ya yi ta bugawa, talatin ta ƙi zuwa. Shi kuwa mutum ne mai riƙe magana. An ce kar ya gwada kafin talatin, bai gwada ba.

Ruwan shuka ya sauka wata ranar Laraba da asuba, ruwa na gaske, irin wanda muka manta ƙamshinsa. Gari ya waye kowa da sungumi a kafaɗa. Ni kaɗai ce a Matameye da na ji ƙarar ruwan nan ban yi murna ba. Duk watannin nan ina ce wa kaina kafin damina zan san yadda zan yi, ga damina ta zo ban san komai ba.

Maigida yana cikin jan safe Yaya ya shigo, ƙafafu duk laka, baki har kunne. Ya ce, "Mai gadi, an sallame ka, kawo amana." Maigida ya ce, "Ga ta nan, ko ɓera bai shinshina ba." Yaya ya kwance buhun, ya ɗaure kan igiyar a ginshiƙin rumfa don kada ta zame daga puli. Da buhun ya sauko hannunsa, sai da ya durƙusa don nauyi. Ya ce, "Kai! Wannan wane irin gero ne?" Ya shimfiɗa tabarma a ƙasa, ya kwance baki, ya juye.

Gero ya fara zubowa, kyakkyawa, abin da bai cika tiya ba. Sai yashi. Yashin korama mai tsabta, tankaɗaɗɗe, ya yi tudu a tsakiyar tabarma. Inna ta tuna tana da aiki a bayan ɗaki. Yaya ya tsuguna ya damƙi yashin yana murzawa.

Daga inda maigida yake kwance ba ya ganin ƙasa. Ya ce, "Me ya faru?" Ya sake cewa, "Yaya, me ya faru? Ku nuna mini." Ba wanda ya motsa. Na buɗe baki na ce, "Maigida, ni ce. Kunun nan ba daga Yauri yake ba."

Ban ga lokacin da ya yanke shawara ba, ina jin shi ma bai gani ba. Hannuwansa suna cikin zobban fata, igiya a ɗaure a ginshiƙi. Na ji azara ta yi ƙara. Kai ya taso, kafaɗu suka bar katifa, baya ya biyo, sai ga mutum zaune, yana rataye da igiya yana haki, yana kallon tabarma daga sama. Na zabura zan tare shi ya ce, "Kar ki taɓa ni."

Ya daɗe yana kallon yashin. Sannan ya dube ni, ido cikin ido, a karo na farko tun ranar da ya fita zuwa Kurni ba daga ƙasa ba.

"Da me kika auna?"

"Da gwangwani. Ɗaya ya fita, ɗaya ya shiga. Wallahi ban rage maka ko ƙwaya ba."

Yaya ya ɗauko gwangwanin ya cika da yashi, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya juye, ya cika da gero, ya sake ɗora mini. Ban buƙaci bayani ba, yashin ya fi geron nauyi nesa ba kusa ba. Kunya ta rufe ni, ta satar daban, ta wautar daban, ban san wadda ta fi ba.

Maigida ya ce, "Shekara ashirin ina fitar da yashi daga rijiya da guga. Ya biyo ni har gado ban gane shi ba." Sai a nan ya lura da inda yake. Ya dubi gwiwoyinsa, ya dubi hannuwansa, ya dubi ƙofar ɗaki inda Inna ta leƙo ta toshe baki da mayafi. Ya ce, "Inna, kumburi ne ko?"

Ba wanda ya yi dariya, don gandu yana can a jiƙe yana jira. Abin da ya rage Yaya ya shuka shi a kusurwar gabas, ya haɗa da ɗan abin da dangi suka sammana, sauran gonar ta zauna fili. Damina kuwa ta yi kyau a shekarar, kyan da tsofaffi suka daɗe ba su gani ba. Da kaka muka zauna a ƙofar zaure muna kallon dammunan mutane suna wucewa a kan amalanke, maigida a zaune yana yi musu barka. Mun sake cin jar dawa shekara guda, ƴaƴana ba su dawo ba sai wata kakar. Yaya bai taɓa ce mini komai ba, amma bai sake cin abincin da na dafa da sakin fuska ba har ya bar duniya, kuma ban ga laifinsa ba. Yashin, maigida ya sa aka mayar da shi buhu, aka cika. Ya kai talatin ana cikin sanyi, babu wanda za a kai wa labari.

Ban taɓa tambayarsa ko ya yafe mini ba. Abin da na sani shi ne abin da ya faru a ranar ruwan shukar, bayan azahar. Lokacin juyi ya yi, na zo kamar kullum na sa hannu a kafaɗarsa. Ya ce, "Bari." Ya ce in kawo masa zobe ɗaya. Na zura masa, ya ja, ya karkata, ya ja kuma, har ƙirjinsa ya juya ya fuskanci bango. Ƙafafun kaɗai na gyara masa, na sa matashi a tsakani. Na tsaya a kansa ina jiran magana.

Bai waiwayo ba ya ce, "Kashe rediyon. In akwai sauran geron, dama mini kunu."